Cikon Kabarin Athol

Kabari yakan lotsa, kowa a garin ya san haka. Ƙasa ta sha ruwan lokacin sanyi, ta zauna, sai a ɗebo wata daga tarin da ke bayan coci a cike. Amma Noelene Direen miji ɗaya ta yi, sau ɗaya kuma ya mutu, don haka ranar da ta tarar kabarin Athol ya lotsa sai ta tsaya cak a gefensa. Lotsawar ta fitar da siffar akwatin gawar sak, faɗi wajen kafaɗu, tsukakke wajen ƙafa. Ruwan sama ya kwanta daidai inda ƙirjinsa yake.

Wata biyar ke nan da rasuwarsa. Kwana goma sha ɗaya ta yi a gefen gadonsa a asibiti, a na goma sha biyu ta ce bari ta je gida ta ba karnuka abinci, ta dawo ta tarar an ja labule, ya cika. Kowa ya ce ba laifinta ba ne, ita kuwa ba ta taɓa yarda ba. Yanzu ga shi kwance cikin ruwa, ta sake barinsa.

Ta sami Merv Triffitt, mai haƙar kaburburan garin, zaune a kan baro yana shan shayi daga fulas. Ajinsu ɗaya a firamare, tun lokacin kuma bai iya sauri ba.

"Merv, kabarin Athol ya zama tafki. Yaushe za ka cike shi?"

"Nan da sati uku, Noels."

"Sati uku? Ƙasar daga birnin Hobart za ka yi odarta?"

Ya nuna mata tarin ƙasar da bakin kofi. An kafa sanda a jikinsa, da jan tsumma ɗaure a kai. Ƙarƙashin sandar akwai rami, bakinsa bai fi na kwalba ba.

"Masu gida sun dawo," in ji shi. "Sun ƙyanƙyashe shekaranjiya."

Pardalote ce, 'yar tsuntsuwar nan da ba ta fi babban yatsa ba, mai baƙin kai da zane-zanen fari da ɗigon rawaya a gaban ido. In sanyi ya shigo nan tsibirin Tasmaniya takan tsallake teku ta yi arewa, in Oktoba ta kama ta dawo ta haƙa rami a duk ƙasar da ta samu a tsaye. Tun zamanin uban Merv, in ta shiga tarin ƙasar maƙabarta, a kafa sanda, shebur ba ya taɓa wurin sai 'ya'yan sun tashi. Ko fasto bai isa ya sa baki ba.

"Wato tsuntsu ya fi mijina."

"Athol ba ya sauri, Noels. Da ransa ma bai yi ba. Shi da kansa ya taya ni kafa sandar nan bara."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mata rai, don gaskiya ce. Ta juya ta tafi ba sallama.

Kwana huɗu tana zuwa, ruwan yana nan. Daga saman itatuwan turare tsuntsuwar tana ta kukanta, sau uku a jere, ta huta, ta sake, tun safe har yamma. Shekara saba'in Noelene tana jin kukan nan ba ta taɓa kula ba. Yanzu har a kicin ɗinta take jinsa, taga a rufe.

Ranar Laraba Merv yakan je yankan ciyawar filin ƙwallo. Da hantsi ta zo da sheburin Athol a bayan mota. Ba muguwa ba ce, dabara ta yi: ramin yana gaba, ita za ta ɗiba ta baya, nesa da sandar, kowa ya huta. Abin da ba ta sani ba, wanda Merv zai gaya mata da ta tambaya maimakon faɗa, shi ne ramin yana kutsawa ciki tsawon hannun mutum, sheƙar kuma can ƙarshensa take.

Ƙasar da danshi, tana fitowa dunƙule-dunƙule. Baro uku ta tura, bayanta yana ciwo, ta juye a kan kabarin. Ruwan ya ɓace, siffar akwatin ma ta ɓace. Ta tsaya tana haki, a karon farko cikin wata biyar ta ji ta yi masa wani abu. Ta ɗaga shebur za ta daddaɓe.

Sai ta lura itatuwan sun yi tsit. Tsuntsaye biyu suna kan sandar, ɗaya da abinci a baki, suna shiga ramin suna fitowa, suna shiga suna fitowa.

Cikin shirun nan ta ji wata 'yar murya, siririya, tana yankewa tana dawowa. Ta duba sama, ta duba cikin ciyawa. Muryar daga ƙarƙashin ƙafarta take, daga cikin kabarin.

Hankalinta ya san mene ne, amma jikinta bai saurari hankalin ba. Sheburin ya faɗi. Ta durƙusa ta fara tona da hannu, tana watsa ƙasa ta baya.

"Ga ni nan," take cewa. "Ga ni nan, ban tafi ba."

Yatsunta suka taɓa wani abu mai laushi a cikin wani dunƙule: ƙwallon ɓawon itace da busasshiyar ciyawa, ya ɗan motse. 'Ya'ya uku ne a ciki, tsirara, idanu a rufe. Biyu ba sa motsi. Na ukun ya buɗe baki.

Merv ne ya karɓa daga hannunta. Ashe injin yankan ciyawar ya ƙi tashi, ya dawo ɗaukar sufana. Ya ruga da sheƙar, gudun da ba a taɓa ganin ya yi ba, ya cusa ta a ƙarshen ramin ta inda aka fasa, ya toshe da guntun katako, ya liƙe da ƙasa. Ya ja da baya ya tsaya. An daɗe kafin tsuntsuwar mai abinci a baki ta sauko ta shige, ta fito baki wayam.

"Sun karɓe shi, Noels," ya ce, ya waiwayo.

Tana nan a durƙushe. Ta gama da sabuwar ƙasar da ta zuba, ta kai tsohuwar, jar laka mai tauri, farcenta biyu sun karye, ba ta daina tonawa ba. Ya zo ya tsuguna a gabanta, gwiwoyinsa suna ƙara, ya riƙe wuyan hannayenta.

"An fitar da su. Ba sauran kowa."

"Yi shiru, Merv," ta ce, ta karkata kunne ga ƙasar. "Ka yi shiru in ji."

Ya yi shirun, bai saki hannayenta ba.