Ɗamarar Tangaraj da Agogon 'Yar Jami'a

Shekara arba'in da ɗaya muna tare da maigidana, ban taɓa kama sunansa ba, ko da muna faɗa. Amma tunda wannan labari duk a kan suna yake, dole in rubuta shi: Tangaraj. Ku dai kada ku gaya masa.

Shi da abokinsa Arumugam aikinsu ɗaya a kamfanin haɗa motoci da ke bayan garin Chennai, wato ɗora ƙofa. Gangar mota ta taho a kan layi, Tangaraj ya ɗora ta dama, Arumugam ya ɗora ta hagu, ta wuce, wata ta zo. Maigidana ya girme shi da shekara shida, shi ya koya masa riƙon sifana, shi ya sa Arumugam ba ya kiransa da komai sai anna, kamar wansa na ciki ɗaya. Idli, wato wainar shinkafarmu, da nake ƙulle wa mutum ɗaya, su biyu suke cinyewa.

Su biyun nan kaɗai ke da ɗamara. Tangaraj ne ya ƙirƙiro ta tun yana saurayin ma'aikaci: aljihu bakwai a ƙugu, kowane kayan aiki a aljihunsa bisa jerin yadda hannu zai neme shi, ba sai an juya ga tebur ba. Ya zana a bayan kalanda, na ɗinka da tsohon tamfol. Da Arumugam ya zo, na ɗinka ta biyu.

To, sai ga wata yarinya daga jami'a, sunanta Ilakkiya, tana binciken digiri a kan yadda ake haɗa mota. Ta zo da littafi da ɗan agogo mai ƙidaya sakan.

Ma'aikatan layi suna da al'adar da ba a rubuce take ba. In ka ga mai agogo a bayanka, ka sassauta hannu. Don in ka nuna ƙofa tana ɗoruwa a sakan hamsin, wata mai kamawa ofis zai ce kowa ya yi a arba'in da biyar, albashi kuma yana nan inda yake. Tangaraj tun daga bakin ƙofa ya hango agogon. Ya kwance ɗamararsa ya cusa a jaka, ya baje kayansa a tebur, ya dinga juyawa yana lalube kamar baƙo. Ranar ya dawo gida yana dariya, wai ya ba 'yar jami'a sakan saba'in da biyu ta kai wa malamanta.

Shi kuwa Arumugam, in ya kama aiki ko gobara ba ya gani. Yarinya ta tsaya bayan ginshiƙi ta auna shi: sakan arba'in da takwas. Ta sake, arba'in da takwas. Ta dubi ƙugunsa ta ga ɗamara.

Daga nan aka shiga uku, mu na gida. Sati biyar tana bin Arumugam, ta ɗauki hoton ɗamarar gaba da baya, ta auna nisan hannunsa da kowane aljihu. Manaja da bai taɓa sanin sunansa ba ya fara gaishe shi. Aka ji cewa babi guda za ta yi a kansa, har ta sa wa abin suna Tsarin Arumugam.

Maigidana ya daina cin abinci da shi. Ya ce in rage idlin, shi ba gidan ciyar da farfesoshi ya buɗe ba. In Arumugam ya gaishe shi sai ya kira shi ayya, wato yallaɓai a yarenmu, ya ce, "Ayya farfesa, mu wa muke da za ka gaishe mu? Ka yi hankali kada hannunka ya yi datti." Arumugam ya roƙe shi ya maida ɗamararsa mana, kowa ya gani. Maigidana ya ce yanzu kuma? Don a ce ya kwaikwayi yaronsa? Na ce to ya bar Arumugam ya faɗa wa yarinyar gaskiya. Ya ce shi ba ya karɓar sadakar suna, da hannunsa zai nuna mata, sakan arba'in da biyu, ta gani da idonta. Har a tsakar gida yake gwadawa, ya ɗaura ɗamara yana zare sifana yana maidawa, ni ina niƙan kwakwa ina kallon ikon Allah.

Sai yarinyar ta koma jami'a, ta ce za ta dawo rana ɗaya ta yi sallama. Ranar da ta zaɓa kuwa ita ce Ayudha Puja, ranar bikin kayan aiki.

Kowa ya san ranar nan ba a taɓa kayan aiki don aiki. Layi a tsaye, an wanke injuna an rataya musu furanni, an jera sifanu da filayu a kan ganyen ayaba, ana ɗiga musu sandal da jan garin albarka da muke ce wa kunkum, a bar su su huta sai gobe. Mu iyalai ma an bar mu mun shiga, ana rabon pori, wato gugurun shinkafa, da mazarƙwaila. Tangaraj ya zo da ɗamararsa a jaka. Ya dubi layin da ba ya motsi, ya dubi yarinyar, fuskarsa kamar an ba shi magani mai ɗaci.

A sashensu, kowa yakan kai kayansa ga wanda ya koya masa aiki, shi zai ɗiga masa kunkum. Arumugam ya naɗe ɗamararsa, ya ratsa mutane, ya miƙa wa maigidana da hannu biyu.

"Anna, sa mini albarka."

"Ka kai wa jami'a ta sa maka."

"Jami'a ba ta mare ni a kan noti ba. Kai ka yi."

Ilakkiya tana kusa, manaja yana gefenta. Ta tambaya ko wannan ne malaminsa. Arumugam ya ce shi ne, kuma ɗamarar ma tasa ce, ga ta asali can a jaka. Na zaro ta da kaina, tamfol ɗin har ya yi baƙi don tsufa. Yarinya ta jujjuya ta, ta buɗe littafinta, ta ɗago kai.

"Ayya, to ya aka yi na same ka sakan saba'in da biyu?"

Ma'aikata wajen talatin suna tsaye da pori a hannu, kowannensu ya taɓa sassauta wa agogo, ita ma wannan yarinyar sun sassauta mata. Manaja ya karkato kunne. Kalma ɗaya za ta dawo wa maigidana da sunansa, ta kuma ɗora wa mutum talatin ƙarin aiki.

"Tsufa ne, 'yata," in ji maigidana. "Hannu ya gaji. Da ɗamara da babu, haka nake yanzu."

Ya tsoma yatsa a kunkum ya ɗiga wa ɗamarar Arumugam, da ƙarfi dai, kamar mai kashe kiyashi.

Bayan shekara biyu littafin ya fito, ta aiko musu ɗaya-ɗaya. Maigidana da ya yi shekara goma yana rantsuwa idonsa garau ne, ranar ya je ya yanko tabarau. A ƙasan shafi na arba'in da bakwai, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa Arumugam ya koyi tsarin a wurin malaminsa Tangaraj. Ya karanta sau uku. Sai ya koma farko ya bi shafi-shafi da fensir.

Yanzu duk sun yi ritaya. Arumugam yakan zo shan kofi da hantsi, na kuma maida idli yadda yake a da. Amma kafin ya zauna sai an tuna masa.

"Sittin da uku. Sunanka sau sittin da uku, nawa ɗaya, shi ma sai da tabarau."

"Anna, ba ni na rubuta ba."

"Da ka iya da ka ƙara."

Rannan na ce musu wadda ta ɗinka ɗamarar fa, sau nawa? Maigidana ya gyara tabarau ya ce wannan kuma maganar ɗinki ce, ba ta mota ba. Ya tura wa Arumugam farantin idli, amma sai da ya fara ɗauke babban.