Babbar Rigar Baba Sabitu

"Kashe abin nan, Saudat! Halas, ya isa haka, na ce ki kashe!"

Baba Sabitu ya ja bargo ya rufe fuska. Ni kuwa ina tsaye bakin ƙofarsa, kwanon kunu a hannu ɗaya, waya a ɗayan, 'yarsa Mairama na kiran bidiyo daga Maraɗi. Na kashe, amma ban ɓoye masa ɓacin raina ba.

"Haba Baba! Yarinyar nan tana goye ka baro gida, yau ga ta da nata 'ya'yan. Fuskarka kawai take son gani."

"Ta gan ni cikin wannan tsummar jallabiya? Bari in gama rigar tukuna."

Tela ne, maƙwabcinmu a unguwar Misfala ta Makka, ɗakinsa na ƙarƙashin matakalar gidanmu. Ya tsufa yana yi wa alhazai gyaran kaya: rage tsawo, ɗinke aljihu, sa maɓalli. Duk wanda ya zauna jiran kayansa sai Baba ya tambaye shi yadda ake cewa mutum ya caɓa ado a garinsu. Amsar da ya fi so ita ce ta wani alhaji ɗan Romaniya, wadda tafinta ya fassara masa. Wai su can sai su ce mutum ya shirya da allura huɗu, Turawan Ingila kuma su ce ya yi ado har tara.

"Tara me?" in ji Baba, yana dariya har da hawaye. "Ko goma ba su iya cikawa ba!"

Mutumin da ya san yadda duniya ke yabon ado, jallabiya biyu gare shi.

Matsalar iƙama, takardar izinin zama, ita ce ta hana shi zuwa gida shekara da shekaru. Murya kawai yake ba Mairama, hoto kuwa ko da wasa. Ya ɗaukar wa kansa alkawari ba za ta gan shi ba sai cikin babbar riga irin ta dattawan Maraɗi, shuɗiyar shadda da aikin hannu, aska takwas. A Makka wa zai yi masa irin wannan aiki? Shi kaɗai yake yi, kaɗan-kaɗan bayan La'asar.

Da ciwon hanta ya kama shi, hannunsa ya fara rawa. Na ce a kai wa masu keke a kasuwar Utaibiyya su ƙarasa, ya ce aikin keke na malalata ne. Maigidana Suhaibu ya kawo masa sabon tobinsa, farar doguwar rigar Larabawa, da guga da turare.

"Ya ammi, Baba, ka sa wannan ku gaisa. Rigar ta biyo baya."

"In yi wa 'yata ƙarya da kayan aro? La, ya waladi, a'a ɗana. Saura kaɗan."

Na yi faɗa, na yi lallashi, har gori na yi masa, na ce wannan girman kai ne ba kunya ba. Murmushi kawai ya yi, ya ce in sa masa zare a allura don idonsa ba ya gani.

Da hantsin wata Alhamis Suhaibu ya leƙa ya tarar rai ya yi halinsa. A garin nan ba a jira. Aka wanke shi, aka yi masa salla a Harami bayan Azahar, kafin La'asar an rufe shi a maƙabartar Shara'i. Mata suka cika falona suna cewa ya dace, mutuwa a Makka ba kowa ba. Ina amsawa da amin, amma zuciyata na can Maraɗi, tana ƙuna.

Washegari Mairama ta kira. Idanunta sun kumbura.

"Yaya Saudat, ko hoto ɗaya ba ku ɗauka ba?"

"Bai taɓa yarda ba, Mairama. Ki yi haƙuri."

Na sauka ɗakinsa da wayar, na jingina ta a jikin keken ɗinki, na warware rigar. Aikin ƙirji ya kusa ƙarewa, bayan kuwa ko zare bai gani ba. Na faɗa mata don wa aka yi ta. Ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"Ɗaga min ita, Yaya. In ga tsawonsa."

Na kama kafaɗun rigar na ɗaga, na yi ɗage, na miƙe hannuwana iyakar miƙewa, amma bakinta bai bar ƙasa ba. Sai na ji ta juya tana kiran yaran daga tsakar gida.

"Ku zo ku ga kakanku," ta ce. "Ashe dogo ne."