Katin Jalila

A teburin rajista na otal ɗin bakin teku a birnin Susa, aka miƙo mini katin suna biyu, nawa da na matata Jalila. Tun bara na rubuta sunayenmu a taron malaman tarihi. Wata huɗu ke nan da binne ta, kuma ban sanar da kowa a cikinsu ba. Na karɓa na yi godiya.

A wurin shan gahawa Si Munsif, wanda ya shekara talatin yana karanta mana takarda ɗaya a kan tsohon birnin Kartaj, ya cafke hannuna.

"Si Hadi, ina uwargida? Ko ka kulle ta don kada ta ji jawabinka?"

"Kanta ke ciwo," na ce.

Ƙaryar nan ta zame mini aiki. Kwana biyu ina hawa sama da faranti biyu, ina cin kifi sau biyu. Ko bakin teku ban iya zuwa ba, kada a ce na bar marar lafiya.

Rana ta uku matar Munsif, Lalla Wasila, ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon miya.

"Matsa, ɗan'uwa, ku maza ba ku iya jinya ba."

Ta leƙa. Gado a gyare ba kowa, katin Jalila a kan matashi.

"Yaushe?" ta tambaya a hankali.

"Watan Maris."

"Allah ya jiƙanta. Bari in gaya musu."

"Ki bari sai an rufe taro," na ce. "Nan kaɗai ya rage ana tambayata yadda ta kwana."