Shafin Mai Goyo

Mai Goyo bai gudu ba. Da ya ga mutum uku sun faɗo tsakar gidan, na gaba riƙe da ƙarfen kwance taya, sai ya kai hannu ƙirji ya kwance zanin goyo. Ya zamo da yarinyar daga bayansa, ya miƙa wa Mai Walda, wanda ya leƙo daga ɗakinsa da burushi a baki.

"Riƙe min ita, maƙwabci."

Mai Walda ya karɓa kafin ya yi tunani. Shi ke nan, hannuwansa biyu sun ɗauru.

"Kai ka rubuta?" in ji na gaban. Direba ne, na babbar mota, gidansa na can ƙarshen layi. Idonsa jajir, gaban rigarsa baƙi ƙirin da hayaƙi. Ƙannensa biyu suna bayansa.

"Lafiya, Direba?"

"Uwar lafiya! Kai ka ce wa mata su sayi kan tukunyar gas ɗin nan?"

"Ni ne. Wata uku ina aiki da shi, ga shi can a kicin, zo ka ga..."

Ƙarfen ya sauka a haƙarƙarinsa. Ƙarar kamar an taka busasshen kara.

Duk layin an san Mai Goyo. Tun da masana'antarsu ta rufe, matarsa ce ke fita. Ƙarfe shida motar kamfanin ɗinki ke ɗaukar ta, shi kuma ya zauna da 'yarsu. Wanki nasa, girki nasa. In yarinyar ta yi barci a bayansa, sai ya tsaya gaban tebur yana jijjiga ta yana rubutu a kwamfuta. Shafi gare shi a intanet, kan kayan gida: wace kwalbar madara ce ba ta yoyo, wane dutsen guga ne ba ya cin wuta. A ƙasan kowane rubutu akwai shuɗin layi. Wanda ya danna ya saya, kamfani ya ba shi la'ada. Ƙa'idarsa ɗaya, ba ya yabon abin da bai yi aiki da shi a gidansa ba. Shi ya sa mata suka yarda da shi.

Maza kuwa dariya suke. Mai Walda ne ma ya raɗa masa sunan. Kullum in zai fita shago sai ya ƙwanƙwasa tagarsa ya ce, "Madam, yau me za a dafa mana?" Shi ko sai ya ce, "Abin da ka kawo, maigida."

Yanzu ga shi a ƙasa, kusa da bahon wankin da bai ƙarasa ba.

"Ashana ɗaya ta ƙyasta!" Direba na ihu, yana ɗaga ƙarfen yana saukewa. "Ɗaya! Fuskar matata ta saɓule a hannuna! Ka ce ka gwada? Ka gwada wannan!"

Yarinyar ta tsandara kuka. Mai Walda ya danna kanta a ƙirjinsa, ya juya mata baya ga abin. Kumfar man goge baki na gangaro masa a haɓa. Ya ce, "Direba, ya isa," amma shi kansa bai ji muryarsa ba. Ƙofofin sauran 'yan haya duk a rufe, labule na motsi.

Ƙannen suka shiga ɗaki. Suka jawo teburin waje. Babban ya ɗaga kwamfutar sama ya maka ta da siminti, maɓallanta suka watse kamar haƙora. Ƙaramin ya fito da waya.

Mai Goyo, wanda bai yi ihu don haƙarƙarinsa ba, sai a nan ya yi.

"Kar ka fasa! Don Allah kar ka fasa, da ita zan sauke tallar daga shafin!"

Ƙaramin ya sa dunduniya ya murje ta, ya wurga ta bayan katanga, cikin kwata. Ya dawo ya hamɓare shi a baki. Mai Goyo ya yunƙura zai tashi, Direba ya hankaɗe shi, ƙeyarsa ta bugi bakin tankin ruwa. Daga nan bai ƙara yunƙurawa ba.

Suka tsaya suna haki. Jini na bin hanyar ruwan wanki zuwa rariya. Direba ya dubi ƙarfen hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Ya yar, suka fita.

A asibiti likita ya ce jini na zuba a ciki, kuma kan ya taɓu. Matar Mai Goyo ta zo da rigar aikinta, zare maƙale a kafaɗa. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi 'yarta, ta dubi Mai Walda tun daga sama har ƙasa. Ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinsa. Ta kau da kai. Da ta zage shi ya fi masa.

Da la'asar Mai Goyo ya farfaɗo. Bakin ya kumbura, maganar na fita ta gefe guda. Mai Walda ya sunkuya.

"Shafin yana nan," in ji shi. "Yana sayarwa."

"Bar zancen shafi, ka ji da ranka."

"Shi ba ya kwanciya asibiti. Yanzu haka wata na karantawa." Ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Layina na cikin wayar. Sai da shi ake shiga. Nemo min."

"To."

"Kuma nawa bai taɓa yoyo ba. Kai ka san ƙarfe. Duba min dalili."

Mai Walda ya cire riga a bayan katanga, ya durƙusa bakin kwata. Ya zura hannu har kafaɗa. Ledoji, gashi, fasasshiyar kwalba da ta yanke shi a tafin hannu. Bai fasa ba. Can ya taɓo ta. Ya ɓalle murfin, ya zaro ɗan katin layin, ya goge a wandonsa.

Daga nan ya wuce gidan Direba. 'Yan sanda sun riga sun tafi da su ukun, ƙofa a buɗe. Kicin ɗin baƙi har rufi, takalmin roba ɗaya ya narke ya manne a ƙasa. Ya kwance kan gas ɗin daga jikin tukunyar, ya koma gida ya kwance na Mai Goyo. A shago ya ɗaure su a maƙatar da ke riƙe ƙarfe, ya ta da injin yanka.

Fenti ɗaya, suna ɗaya, kwali ɗaya. Na Mai Goyo, injin ya sha wuya kafin ya raba shi: tagulla ce zalla, da roba mai kauri. Na Direba kuwa kamar gwangwanin madara, cikinsa gam ne da wata robar da ba ta kai ta takalmi ba. Ya jera su, ya ɗauki hoto. Ya daɗe a tsaye yana kallon su.

Da safe ya koma asibiti. Idon Mai Goyo ɗaya ya rufe, numfashinsa na ƙara kamar ana jan zarto. Ya kalli hoton.

"Mai kyau kamfanin ya aiko min," in ji shi.

"Shi ne."

"Sa layin."

Mai Walda ya sa katin a wayarsa. Tana kamawa ta yi ƙara. Ya karanta saƙon da ya shigo.

"Mene ne?"

"Wai wani ya saya. Jiya da yamma."

Mai Goyo ya runtse ido. "Yi sauri."

Ba sauri a yatsun Mai Walda. Manya ne, wuta ta cinye fatarsu, in ya danna harafi ɗaya biyu ke fitowa. Sau uku yana kuskuren kalmar sirri. Zufa ta jiƙa masa wuya. A na huɗu shafin ya buɗe, ga hoton kicin ɗin da ya sani, ga tukunya a kan wuta.

"Ina ake gogewa? In share shegen gaba ɗaya."

"A'a."

"A'a kamar yaya?"

"In ka goge, mai nema za ta faɗa shafin wani. Mu da yawa muke tallarsa. Nawa ke fitowa farko." Ya tsaya ya nemi iska. "Bar shi a wurin. Cire shuɗin layin. Sa hotonka. Rubuta a sama."

Ya cire. Ya sa. Ya jira.

"Kada ku saya. Wadda ta saya ta cire shi yau, ta fitar waje. Wanda aka aiko min daban, wanda ake sayar muku daban. Ban sayi ɗaya da kaina na duba ba. Laifina ne."

"Laifinka?" Matarsa ta miƙe, yarinyar a kafaɗa. "Sun farfasa ka kamar tukunya, kana cewa laifinka? Wallahi ba za a rubuta ba!"

"Maman yarinya."

"Kar ka kira ni!"

"In ban ce haka ba, za su ɗauka rigimar kamfani ce. Ba za su cire ba." Ya juyo da idon nan ɗaya. "Rubuta, maƙwabci."

Ta koma ta zauna, ta cusa fuska a wuyan 'yarta. Mai Walda ya rubuta. Ya karanta masa sau biyu, sannan ya danna inda aka nuna masa.

"Ya hau?"

"Ya hau."

Wata nas ta wuce da keken magani, ƙafarsa ɗaya na kuka.

"Ni na sa maka sunan nan," in ji Mai Walda, idonsa a ƙasa.

"Na sani. Duba saman shafin."

Ya duba. Manyan haruffa: MAI GOYO.

"Ban biya ka la'ada ba," in ji Mai Goyo, gefen bakin da ya rage ya ɗan motsa.

Kafin rana ta raba ya cika. Matar ce ta ja masa mayafi. Mai Walda ya fita baranda ya tsaya, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Kwana uku bayan an kai shi, Mai Walda na shago yana gyaran wata ƙofa, waya ta motsa a aljihunsa. Layin mamacin na ciki har yanzu, matar ta ce ba ta son ganin sa. Ya ɗaga gilashin fuska, ya duba. Wata ce ta yi rubutu a ƙasan shafin.

"Malam Mai Goyo, na gani. Na cire nawa, yana can bayan gida cikin bokiti. Allah ya raya maka 'yarka. To yanzu wanne zan saya?"

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya rubuta harafi uku, ya goge. Ya ajiye wayar a kan bencin aiki, ya zauna a kan juyayyen bokitin fenti. Garin ƙarfen da ke kan bencin ya riƙa matsowa a hankali, maganaɗisun sifikar wayar na jawo shi, yana taruwa a bakinta, har hasken ya ɗauke.