Tudun Bakin Layi

Motoci uku Ndirangu ya gwada a Nakuru, tsofaffin motocin gudu masu kujera biyu, masu kwanciya a ƙasa kamar ƙadangare. Dukansu tudun rage gudu na bakin layin gidansa ya kankare musu ciki. Ta huɗun ja ce, ta girmi 'yarsa Wanja, kuma ita kaɗai ta rage daidai aljihunsa.

Ya tsayar da ita gab da tudun, ya dubi matarsa da ke zaune a gefensa.

"Maman Wanja, ko za ki ɗan sauka in haye?"

Matarsa ta gyara zama, ta rungume jakarta. "Wato ni ce nauyin? Motar da ba za ta haye da ni ba, ba za ta kwana gidana ba. Ja mu je!"

Ya hau a karkace, a hankali, ya kasa kunne. Tayoyin gaba suka sauka, na baya suka biyo. Ko ƙas bai ji ba. Ya sauke numfashi, har da dariya.

"Saye ta," in ji ta. "Amma taka ta mana, Baban Wanja. Shekara talatin kana tuƙa ni kamar ka ɗauko ƙwai."