Lamba ta Huɗu

Kamfanin waya ya rufe asusun ƙungiyar mata masu sabulu ranar Talata da hantsi, bayan an danna lambar sirri sau uku ba daidai ba. Duk abin da matan suka tara yana ciki, har da kuɗin da suka amince a kai ma'ajinsu babban asibiti da shi.

Wadda ta yi dannawar ƙarshe baƙuwa ce, 'yar aikin sa kai daga wata ƙasa. Ma'aikaciyar banki ce a can, ta ɗauki hutun shekara guda ta zo koya wa mutanen karkara ajiya ta waya. Matan suna ce mata Malama. Ita ta raba su da akwatinsu na ƙarfe mai kwado huɗu, wanda ba ya buɗuwa sai mata huɗu sun hallara, kowacce da makullinta. Ta buɗe musu asusu da layin Ma'aji, ta ce a zaɓi lamba huɗu, kada a faɗa wa kowa, ko miji ne.

Malama ba ta san matan sun raba lambar yadda suka raba makullan ba. Idan za a cire kuɗi, Shugaba za ta danna tata a ƙarƙashin mayafi ta miƙa wayar gaba, har ta kai kan Ma'aji, mai ta ƙarshe. Babu wadda ta san ta 'yar'uwarta.

Ranar Asabar Ma'aji ta faɗi a gefen tukunyar sabulu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Likitan ƙaramin asibiti ya ce sai an ɗauki hoton kanta a birni, kuma can ba sa karɓar mara lafiya sai an fara biya.

Ranar Talatar suka haɗu a ɗakin asibitin da take kwance. Fanka ba ta aiki, ledar ƙarin ruwa tana rataye a ƙusa. Mata ukun suka danna nasu.

"Bakwai ce," in ji Shugaba. "'Ya'yanta bakwai. Me kuma za ta zaɓa?"

Wayar ta ce ba daidai ba.

"Haba Yaya, har da wanda ya rasu ai takwas ne," in ji Mai Turare, wadda ke riƙe da lamba ta biyu. "Uwa ba ta cire mamaci. Kawo nan, ke dai kullum garaje."

Takwas ma ba ta yi ba. Saura dama ɗaya.

Malama ta karɓi wayar ta durƙusa a bakin gadon. Ta ɗaga yatsa ɗaya, sannan biyu. Ma'aji ta dube ta, ta dubi sauran matan, ta juya fuska ga bango.

"Ke kika ce mata kada ta faɗa," in ji 'yar Ma'aji, wadda tela ce a kasuwa. "Inna ba ta saɓa alkawari. To ga shi nan."

Aka fitar da kowa, ya rage Malama da 'yar. Tela ta kama hannun uwarta na hagu.

"Inna, don girman Allah. Babu kowa, ni ce. In na zo kanta ki matse hannuna. Ɗaya. Biyu. Uku."

Hannun ya matsu.

"Ta matse! Wallahi ta matse!"

Nas da ta shigo canza leda ta ce, "Tun jiya hannun nan yake haka. Ko cokali kika sa mata za ta damƙe."

Malama ta daɗe tana kallon wayar. Aka kira mata ukun suka sake danna nasu. Malama ta danna uku. Wayar ta ce an rufe asusun.

Wakilin kamfanin, a shagonsa na bakin tasha, bai ɗago daga cajin wayoyin da yake jerawa ba. Ya ce ba a buɗe rufaffen asusu sai mai layin ta je ofishin birni da kanta, ta dangwala yatsa, ta faɗi sunanta.

"Ba ta magana," in ji Malama.

"To Malama, ni ba ni na kafa dokar ba."

Malama ta kira ƙungiyar da ta turo ta, aka ce kuɗin shiri ba na jinya ba ne. Abin da ya rage a alawus ɗinta ta miƙa wa Tela, ya isa man mota, bai kai rabin abin da asibitin ke nema ba. Matan sun fitar da sabulun da bai gama bushewa ba suna sayarwa a karyayyen farashi.

Izinin zaman Malama a ƙasar zai ƙare ranar Juma'a. Ofishin kamfanin na birni ya ce zai duba yiwuwar tura ma'aikaci har bakin gado. Bai faɗi ranar ba.