Yatsan Mai Jan Baƙi

Ƙwas! Yatsan Malam Ya'ƙub ya sake bugun ƙarfen gadon. Sharhabilu ya datse karatun, ya ɗago kai ya dubi tsohon, sannan ya koma farkon ayar. Ya ja maddi yadda ya dace, ya fitar da kowane harafi daga mafitarsa. Yana isowa inda ya tsaya ɗazu, sai ga ƙwas ɗin nan kuma.

Har ga Allah abin ya fara sosa masa rai. Sharhabilu mutumin Bauchi ne, ɗalibin shekarar ƙarshe a wata jami'a a nan ƙasar Larabawa, kuma da bakinsa ya karance Alƙur'ani kakaf a gaban wani shehi a unguwar Darrasa wanda ba ya yafe ko rabin gunna. Takardar ijazarsa tana rataye a falo, daidai inda baƙo ba zai iya kauce mata ba. Yau ga shi, tsohon da ba ya iya cewa ko uffan yana ta tare shi kamar ɗan farin shiga.

Malam Ya'ƙub maƙwabcinsa ne, ƙofa na kallon ƙofa a hawa na huɗu na wani gida a unguwar Hayyus Sabi'i. Daga Damagaram ɗansa Iliya, mai fataucin abaya, ya kawo shi neman magani. Ciwon maƙogwaro ne. Likitoci sun yi aiki, muryar ta tafi tare da abin da suka cire, aka bar masa 'yar kafa a wuya wadda ake rufewa da farin ƙyalle. Kafin azumin shekarar 2014 ya kama, sun faɗa wa Iliya gaskiya cewa nasu ya ƙare, kuma jikin ba zai ɗauki jirgi ba. Matar tsohon, Inna Hawa, ita ta ƙwanƙwasa wa Sharhabilu ƙofa ta roƙe shi ya riƙa shigowa bayan la'asar yana yi wa Malam karatu.

"Allah gafarta Malam," in ji Sharhabilu, yana danne zuciyarsa, "ko don ni Hafsu nake karantawa, ku kun saba da Warshu? Wallahi a ruwayarmu haka take."

Tsohon ya lumshe ido, ya girgiza kai a hankali.

Inna Hawa ta leƙo daga kicin, hannunta duk ƙullun kunu. "Ɗan nan, ba gyara yake maka ba."

"To Inna, me yake so?"

"Tsayawa yake so ka yi. Shi fa mai jan baƙi ne. Tun ina amarya shi ke ja wa marigayi Malam Sulaimanu a tafsirin azumi. Ya ja aya, ya tsaya, Malam ya fassara da Hausa, sannan ya ci gaba. Kai kuwa ka kama gudu kamar motocin titin nan. Kunnensa bai saba jin aya ta wuce ba a ba ta Hausarta ba."

Rashin sani ya fi dare duhu. Sharhabilu ya ji kunya ta rufe shi, sai kuma dariya ta ƙwace masa. Kafaɗun tsohon ma suka motsa, ƙyallen wuyansa ya ɗan kaɗa, dariyarsa ke nan yanzu.

"Khalas, shi ke nan, na gane," in ji Sharhabilu. "Amma Baba, ni ne mai ja, ni ne mai fassara? Aikin mutum biyu fa ke nan. Ladan ma biyu zan karɓa."

Daga ranar suka daidaita. Sharhabilu ya ja, yatsa ya buga, ya fassara, sannan ya ci gaba. Zafi a shekarar ba a magana, ga ɗauke wuta kullum, don haka Inna Hawa kan zauna a bakin gado da mafici. Daga ƙasa ana jin mai sayar da tukunyar gas yana bugunta da ƙarfe, yara suna wasa da fitilun azumi a ƙofar gida.

Da kwanaki suka ja, Sharhabilu ya lura da wani abu. Inda Allah Ya ce "Mu ne Muka halicce ku," ko "Mu ne Muka saukar," tsohon bugu ɗaya yake yi a wuce. Amma da suka iso inda Ya ce, "Idan bayina suka tambaye ka game da Ni, to lalle Ni Makusanci ne," sai ya buga sau biyu. Aka maimaita, ya sake neman ƙari. Haka ya riƙa yi a duk ayar da Ubangiji Ya ce "Ni."

Ɗalibi kuwa ba ya ganin ƙofar bayani ya wuce. Sharhabilu ya gyara zama, ya fara zuba: ai "Mu" ɗin nan na girmamawa ne, ba na yawa ba, haka Larabawa ke yi, kuma malamai sun ce kaza da kaza. Bai kai rabi ba ya ga tsohon ya yi barci.

A bakin ƙofa Inna Hawa ta tare shi da kwanon kunu, ta yi ƙasa da murya.

"Duk wannan ya sani, ɗan nan. Malam Sulaimanu in ya zo wajen 'Mu' ɗaga murya yake, masallaci ya amsa. In ya zo wajen 'Ni' sai ya sassauta, kamar mai yi wa mutum ɗaya magana. Na kusan nan yake nema, don tsoro yake ji."

"Tsoron mutuwa?"

"A'a." Ta share ido da gefen mayafi. "Daren da za a yi masa aiki ya ce da ni, 'Hawa, na ƙarar da muryata a kan maganar Allah, ga shi zan je babu bakin da zan yi kalmar shahada.' Ita ce maganarsa ta ƙarshe da na ji. Tun daga nan, in tari ya sarƙe shi, sai ka ga yana ta motsa leɓe, yana dafe wuya, hawaye na zuba."

"Inna, ai malamai sun ce wanda ba ya iya furtawa, zuciyarsa ta isar masa."

"Iliya ya faɗa masa, limamin masallacin ƙasa ma ya hau ya faɗa masa. Sani daban, kwanciyar rai daban."

Sharhabilu ya koma ɗakinsa, har aka sha ruwa kunun ya huce a hannunsa bai sha ba. Tausayin tsohon ya cika shi, tare da fargabar ranar da za a ce ya laƙƙana masa kalma, ya faɗa, tsohon ya yi ta kokawar maimaitawa ya kasa, ya tafi a cikin wannan baƙin ciki.

Ranar ta zo azumi ya ɗan gota tsakiya. Da Sharhabilu ya shiga bayan la'asar, ya tarar an juya gadon ya fuskanci alƙibla. Iliya ya sauka neman likita. Wuta a ɗauke take, numfashin Malam yana fita ta ƙyallen da ƙyar, idanunsa a buɗe suna yawo a rufin ɗaki, leɓunansa suna ta motsi babu sauti.

"Yi masa," in ji Inna Hawa. "Laƙƙana masa."

Sharhabilu ya durƙusa, ya faɗi kalmar a hankali kusa da kunnensa. Abin da ya ji wa tsoro kuwa shi ya faru. Tsohon ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya kai hannu maƙogwaro, ba abin da ya fito sai iska. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne.

"Ma'alish, Baba, yi haƙuri," in ji Sharhabilu. Bai san abin da zai yi ba. Sai ya kama hannun tsohon, ya mayar da shi kan ƙarfen gado inda ya saba zama, ya jawo Alƙur'ani. "Mu ci gaba daga inda muka tsaya jiya."

Suratu Ɗaha ce. Ya ja ayoyin farko ya tsaya, ya jira. Can sai ga bugun, rarrauna ƙwarai. Ya fassara. Ya sake ja, aka sake bugawa.

"Ko ka bayyana magana," ya fassara, "to lalle Shi Ya san asiri, da abin da ya fi shi ɓoyuwa."

Idanun tsohon suka bar rufin ɗaki, suka dawo kansa. Leɓunan suka daina rawa. Sharhabilu ya ci gaba, ya ratsa labarin Annabi Musa da wutar da ya hango, har ya iso inda aka kira shi. Nan ya sassauta murya, yadda aka ce Malam Sulaimanu yana yi.

"Innanii anallaahu laa ilaaha illaa ana."

Ya tsaya yana jiran ƙwas, bai ji ba. Da ya duba, sai ya ga yatsan ya bar ƙarfen, ya miƙe sama shi kaɗai, sauran a dunƙule.

"Lalle Ni, Ni ne Allah," in ji Sharhabilu, hawaye na ɗiga a kan rigarsa. "Babu abin bautawa da gaskiya sai Ni."

Fuskar Malam Ya'ƙub ta saki. Ƙyallen wuyansa ya ɗaga, ya kwanta, ya sake ɗagawa kaɗan, daga nan bai ƙara motsi ba.

Inna Hawa ta ajiye mafici, ta yi salati, ta shafe masa idanu. Ta jawo zane ta lulluɓe shi daga ƙafa har ka. Hannun dama ya rage a waje, kwance a kan ƙarfen gado, manuniyar a miƙe. Ta kai hannu za ta lanƙwashe ta, sai ta fasa, ta koma ta zauna.